Ranar da Malama Batul Ta Saki Giwa

Gidan su Nuruddeen yana can ƙarshen unguwar Shamaki, inda gidaje suka ƙare kwari ya fara. Lokacin da mahaifinsa ya sayi filin, kwarin ɗan rami ne da yara ke tsallakewa da gudu. Yanzu kuwa in ka tsaya a bakinsa ka leƙa, tsofaffin tayoyin da aka zubar a ƙasa kamar faifai za ka gan su. Kowace damina ruwa sai ya gutsuri gefensa. Bara ya tafi da banɗakin maƙwabcinsu da rabin kicin, ya bar katangar ɗakin Iya, mahaifiyar Nuruddeen, tana kallon rami ido da ido.

Saboda haka da Nuruddeen ya koma jami'a neman digiri na biyu a fannin nazarin ƙasa, bai sha wahalar zaɓen abin da zai yi bincike a kai ba. Ya yi wata da watanni yana bin kwarin da ƙafa, yana auna zurfi, yana ɗibar ƙasa a leda, yana ɗaukar hotuna daga sama da ɗan jirgin nan marar matuƙi da sashensu ya ara masa. Burinsa ya sa kwamfuta ta kwaikwayi ruwan sama, ta nuna inda ruwa zai bi da inda zai fi cin ƙasa.

Ana cikin bazara, zafi ya kai inda ya kai, sai wani injiniya mai suna Rufa'i ya zo wurin malamin da ke duba aikinsa. Ƙungiyar da yake wa aiki ta samu duwatsu da ragar ƙarfe da za su isa a ɗaure gefe ɗaya tak na kwarin kafin ruwa ya sauka. Mutanen unguwa kuwa kowa na cewa bayan gidansa ya fi haɗari. Injiniyan yana son taswira da zai ajiye a gaban dattawa ranar taron da za a yi mako mai zuwa. Malamin ya nuna Nuruddeen ya ce, "Ga mai kwarin nan."

Lissafin ya fi ƙarfin 'yar kwamfutarsa. Amma jami'ar tana da rukunin manyan kwamfutoci da aka haɗa wuri guda a wani ɗaki mai sanyi a ƙasan bene, ɗalibai suna ce masa kulasta. Duk sassan kimiyya da shi suke aiki, don haka ba a faɗa masa kai tsaye. Mutum zai tura aikinsa daga kwamfutarsa, ya faɗi abin da yake buƙata, ya zaɓi layi, sai wata manhaja ta riƙa raba wa kowa wuri. Akwai gajeren layi na aikin da ba zai wuce awa huɗu ba. Akwai dogon layi na aikin kwanaki. Sai kuma layin inji guda ɗaya da ya fi sauran memori nesa ba kusa ba, wato filin da inji ke shimfiɗa aiki a kai yayin da yake yinsa. Ɗalibai sun sa wa wannan injin suna Giwa.

Nuruddeen ya duba layukan, ya ce a ransa aikin da ya shafi gidajen mutane ai babban aiki ne. Ya nemi Giwa, dukkanta, na iyakar lokacin da aka yarda a nema. Ya tura, ya tafi masallaci da farin ciki.

Washegari ya buɗe, aikin yana jira. Da la'asar ya sake buɗewa, yana jira. Kwana ya sake zagayowa, kalmar nan ɗaya ce a kan allo. A waje kuwa hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma-yamma, ya yi ruri ya watse ba tare da ya zubar da ko ɗigo ba. Duk rurin da ya yi, a cikin Nuruddeen yake sauka.

Ya sauka ƙasan benen wurin Madam Millicent, 'yar Kaltungo da ke kula da kulastan tun ranar da aka kafa shi. Ya same ta da rigar sanyi a cikin wannan zafin, tana duba wata na'urar sanyaya ɗaki da ke ɗigar da ruwa a bokiti.

"Madam, ina kwana? Aikina ne ya ƙi motsi."

Ta goge hannu, ta duba allonta. "Ƙanena, kai ne ka nemi Giwa? Ai Giwa tana hannun Malama Batul. Tun bara ta kama wannan watan, kuma aikinta yana kai yanzu haka. Bayanta Dakta Jerome ne na sashen sinadarai."

Ya kwashe labarin kwari ya gaya mata, har da katangar Iya. Ta saurare shi har ƙarshe, fuskarta ta yi laushi, amma ta girgiza kai.

"Na ji tausayinka, Allah ya sani. Amma ban taɓa tsallakar da kowa layi ba. Duk wanda ya shigo ɗakin nan da labari yake shigowa, kuma yawanci gaskiya suke faɗa. In na fara zaɓa da tausayi, gobe da girman kujera za a sa ni zaɓa. Wurin na Malama ne. Je ka same ta."

Malama Batul malama ce a sashen nazarin halittu, tana kammala digirinta na uku a kan ƙwayoyin gadon yara masu ciwon sikila. Daga GRA take zuwa da wata tsohuwar mota ruwan toka, ta ajiye 'ya'yanta a makaranta, ta shige ofis. Ɗalibai suna shakkar ta, ba don faɗa ba, sai don ba ta da doguwar magana, kuma in ta yi tambaya ba ta karɓar amsar kame-kame.

Ya yi sallama, ya rusuna ya gaishe ta, ya fara jero bayani. Bai kai rabi ba ta ɗaga hannu.

"Aikin naka memori nawa yake ci?"

Ya hau lalube a cikin takardunsa.

"Ba ka auna ba?"

"Ban auna ba, Malama."

"To me ya kai ka Giwa?"

"Na ga ita ce babba."

Ya zaci za ta sallame shi. Sai ta ture takardun da ke gabanta, ta jawo kujera kusa da tata. "Zauna, Nura. Buɗe mu gani."

Abin da ya biyo baya, Nuruddeen bai taɓa ganin irinsa ba. Ba fanninta ba ne, ba ta san komai game da zaizayar ƙasa ba, kuma ba ta ɓoye hakan ba. Tambayoyi kawai take yi. Ruwan da ya sauka a wannan gangaren yana haɗuwa da na wancan kafin su isa kwari? A'a, sai a ƙasa. Irin ruwan sama nawa kake son gwadawa? Yayyafi, ruwa mai ƙarfi, da irin na bara mai ɓarna. Ɗaya yana jiran sakamakon ɗaya? A'a.

"Ashe ba aiki ɗaya gare ka ba," in ji ta. "Ƙananan ayyuka ne da yawa ka ɗaure su a dami guda, ka tsaya kana jiran wanda zai iya ɗauka."

Ta sa ya yanki ɗan ƙaramin gangare ɗaya ya tura gajeren layi don gwaji. Kafin ta gama amsa wayar mijinta, aikin ya shiga ya fito. Ta nuna masa inda ake ganin abin da ya ci. Bai kai ko kusa da abin da ƙaramin inji ke iya ɗauka ba. Kunya ta kama shi, amma ba ta tsaya kallon kunyarsa ba.

"Yanzu raba sauran haka. Kowanne ka nema masa abin da ya ci, ka ɗan ƙara kaɗan saboda tsaro. Lokaci ma haka. Kada ka ce awa huɗu alhali ɗaya ta ishe shi. Manhajar nan tana neman ƙananan ayyukan da za ta cusa a tsakanin manya. In ka faɗi gaskiyar girmanka, za ta sama maka gurbi."

Ta ƙara gaya masa ya riƙa turawa da sassafe, domin da rana Madam Millicent tana kashe wasu injunan saboda zafi kada su ƙone, layi sai ya cushe.

Haka ya yi. Washegari da hantsi ya zauna yana kallon ayyukansa suna shiga suna fita ɗaya bayan ɗaya, har ya tsinci kansa yana dariya shi kaɗai. Kafin sallar Juma'a duk sun gama.

Saura mataki na ƙarshe: a haɗa gutsattsarin nan duka a kan cikakken hoton kwarin da jirgi ya ɗauka, a bi ruwan daga sama har ƙasa a tafiya ɗaya. Ya tura dogon layi, aikin ya fara, ya mutu. Ya nemi iyakar memorin da injin wannan layin zai iya bayarwa, ya sake mutuwa a wuri guda. Ya koma wurin Malama Batul da sakamakon a hannu, wannan karon da lambobinsa.

Ta daɗe tana dubawa. Ta gwada ko za a rage kyawun hoton, ya nuna mata in aka rage, ƙananan magudanan da ke tsakanin gidaje za su ɓace, kuma su ne ke kai ruwan. Ta gwada ko za a raba biyu, ya nuna mata mahaɗar ita ce wurin da ake tambaya a kai. Ta jingina da kujera.

"Wannan kam na Giwa ne. Yini guda zai ci, ko ya ɗan ɗara."

A kwanakin nan Nuruddeen ya riga ya ji yadda aikinta yake. Manhajar da take amfani da ita ba ta iya tsayawa ta ci gaba daga inda ta tsaya, sai dai ta koma inda ta yi ajiyar ƙarshe, kuma wannan ya kai kusan mako guda baya. Ga wani taron masana a ƙasar waje da ake rufe karɓar sakamako a ƙarshen watan, taron da ta shekara tana shiri dominsa. Bakinsa ya kasa roƙo.

Ta ɗauki mayafinta da makullin mota. "Muje in ga kwarin."

Suka ratsa Bolari cikin cunkoson keke da babura, suka shiga lungunan Shamaki har inda mota ta daina wucewa, suka ƙarasa da ƙafa. Iya tana tsakar gida tana tsince zogale, ta yi maza ta shimfiɗa tabarma.

"Ina wuni, Iya? Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Ke ce Malamar da Nura ke ta ba ni labari? Allah ya yi miki albarka, ya raya miki zuri'a."

Bayan ta sha ruwa, Nuruddeen ya zagaya da ita bayan gida. Ta tsaya a bakin kwarin, iska mai zafi tana kaɗa mayafinta. Ta dubi katangar Iya, ta dubi tushen gidan maƙwabci da ke rataye a sarari. Sannan ta bi gefen kwarin a hankali zuwa gangare, inda ya yi kwana. A daidai lokacin aka tashi 'yan Islamiyya. Yara suka fito da hijabai da jakunkuna, suna bin wata siririyar hanya tsakanin katangar makarantar da bakin rami, wasu na ture juna suna dariya. Wata 'yar ƙarama ta tsaya gyara takalmi, bayanta ga kwarin.

Malama Batul ta bi yarinyar da kallo har ta wuce. Sai ta ciro waya.

"Madam, ina aiki? Ki tsayar min da nawa, ki ba Nura Giwa."

Nuruddeen yana jin muryar Madam Millicent ta cikin wayar. "Malama, kin san inda za ki koma? Kuma kin san ba zan iya ƙara miki kwanaki ba sai na taɓa na Dakta Jerome. In kina so in kira shi in roƙa."

"A'a, kada ki kira shi. Shi ma ɗalibansa na jira. Lokacina na bayar, ba nasa ba. Ranar da wa'adina ya cika ki ba shi kayansa."

"Taron naki fa?"

"Ana yin sa kowace shekara."

Ta kashe wayar. Nuruddeen ya buɗe baki zai yi godiya, ta tari numfashinsa.

"Kada ka tsaya nan kana kallona," ta ce. "Je ka duba aikinka sau biyu kafin ka tura. In ya mutu saboda kuskuren rubutu, ni da kai ne."

Bai mutu ba. Ranar Lahadi da hantsi taswirar ta fito. Nuruddeen ya buɗe ta, idonsa ya tafi kai tsaye bayan gidansu. Launin wurin ruwan ɗorawa ne: akwai haɗari, amma ba na gaggawa ba. Jan launin, mai nuna inda ƙasa za ta fi zubewa, yana can kwanar da ke ƙasan Islamiyya, inda magudanai uku ke haɗuwa su daki gefen rami. A duk irin ruwan da ya gwada, amsar ɗaya ce.

Ya daɗe zaune. Ya san akwai lamba guda, ta taurin ƙasar bayan gidansu, wadda in ya ɗan rage ta launin zai iya sauyawa, kuma ba wanda zai gane. Giwa tana hannunsa har yamma. Ya tashi ya zagaya ɗakin, ya dawo, ya kira Malama Batul ya gaya mata abin da ya fito. Bai ɓoye mata abin da zuciyarsa ke raya masa ba.

Yana jin hayaniyar yaranta a bayanta.

"Lambar da ke ciki yanzu, kai ka auna ta?"

"Ni na auna, Malama. Har sau uku."

"To. In ka gama da Giwa ka gaya wa Madam ta mayar da nawa."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ya ajiye wayar, ya adana taswirar yadda take, ya aika wa Madam Millicent saƙo cewa ya saki injin, tun da sauran rabin yini a lokacin da aka ba shi.

Da ya koma gida ya zauna kusa da Iya ya nuna mata a waya, yana ta neman yadda zai fara. Ta ƙura wa jan wurin ido.

"Nan ne wajen makarantar Malam Aƙilu ko?"

"Nan ne, Iya."

"Ai kuwa in ana ruwa, daga ɗakina nake jiyo ƙugin wurin nan. Can ya kamata a kai duwatsun. Ni sai in dawo ɗakin gaba, dama ya fi iska."

A taron dattawa an yi ta ce-ce-ku-ce. Wani ya miƙe ya ce yaran jami'a sun zana abin da suka ga dama. Sai Injiniya Rufa'i ya sa yatsa a kan taswirar ya ce, "Wanda ya zana wannan, ga gidan uwarsa nan, kuma bai sa shi a ja ba." Mai maganar ya koma ya zauna. Kafin mako ya zagayo tifa ta fara sauke duwatsu a kwanar makarantar.

Ruwa ya sauka da ƙarfi a daminar nan. Gefen da aka ɗaure ya riƙe, yara suka ci gaba da bin hanyarsu, wadda yanzu aka yi mata shinge. Katangar Iya kuwa ta tsage a watan Agusta, kusurwarta ɗaya ta zube. Ba kowa a ɗakin, an riga an kwashe kaya. Nuruddeen da samarin unguwa suka cika buhuna da yashi suka tare abin da ya saura, Injiniya Rufa'i kuma ya ce gefen ne na gaba in an sake samun kayan aiki.

Malama Batul ba ta je taronta ba. Wa'adinta ya cika aikin bai ƙare ba, Dakta Jerome ya karɓi Giwa a ranarsa, bai ma san abin da ya faru ba sai daga baya, a bakin Madam Millicent. Da ya ji, ya takura ɗalibansa suka gama da wuri, ya mayar mata da injin. Duk da haka sai tsakiyar damina sakamakonta ya fito. Ba wanda ya taɓa jin ta ambaci maganar, ko da wasa.

Wata Laraba ana yayyafi, Iya ta tashi da sassafe ta yi dambu da zogale, ta zuba man gyaɗa da yaji, ta ɗaure kwanon a ɗankwali ta ce a kai wa Malama. Nuruddeen ya rungumo shi a keke har jami'a. Ya same ta tana gyara rubutu, ta buɗe kwanon, ta wanke hannu ta fara ci nan take, ba ta nemi cokali ba.

"Ya katangar?"

"Mun tare ta da buhuna, Malama. Tana nan."

"Ka ce wa Iya na gode, kuma ranar Asabar zan kawo yara su gaishe ta." Ta nuna masa kujera da kai. "Zauna. Yaran da na ɗauki jininsu daga ƙauyuka daban-daban suke, wasu daga Akko, wasu daga Dukku, wasu har Balanga. Ina so in ga ko nisan asibiti yana da hannu a yadda ciwon ke kwantar da su. Ni ban iya taswira ba. Za ka koya min?"

Nuruddeen ya jawo kujerar, ya buɗe kwamfutarsa, ya tambaye ta sunan ƙauyen farko.